Bikin harsuna a kwaleji: an yi rawa an watse, ina littattafan Hausa?

Duk wanda ya taɓa zaman rumfa a babbar kasuwar Sokode ya san irin yaron da nake nufi. Da safe zai yi cinikin doya da tsohuwa cikin harshen Kotokoli, kafin azahar ya yi wa direban babbar mota lissafi da Faransanci, in baƙo ya zo daga Gana ya lallaɓa da ɗan Turancinsa. In a Dapango ne ko Sinkase, sai a ƙara masa harshen Moba da na Mosi. Hausa kuwa ita ce ta gida da ta zango. Ba wanda ya biya masa ko dala ya koyi waɗannan.

Irin waɗannan yara ne yau suke cika manyan makarantun arewacin Togo. Kafin a buɗe Jami'ar Kara a 2004, ɗan Sokode ko Dapango da ya ci jarrabawar BAC sai ya ɗauki jakarsa zuwa Lome. Yanzu daga Sokode tafiyar kilomita 70 da 'yan kai ce, uba na iya aika masa buhun masara a motar safe.

A ranar 21 ga Fabrairu, ranar da hukumar UNESCO ta ware tun 1999 domin harshen uwa, ɗan yayata ya gayyace ni bikin da suka shirya a wata kwaleji a nan arewa, ba sai na faɗi sunanta ba. Na tafi da rakodata don in samo wa masu sauraronmu abin ji. Biki ya yi biki. Kowace ƙabila da shigarta da gangarta, kowa ya hau dandamali ya gai da jama'a da harshensa. Yaran zango sun sha babbar riga da hula, suka yi kirari, aka yi ta tafi.

Da rana ta yi zafi sai na fake a laburare. A nan na ga ainihin rayuwar ɗalibi. Wasu tun da safe suka kama kujera, don wanda ya tashi ya rasa. Kusa da soket ɗin caji an fi cunkoso. Littafi ɗaya na hannun mutum uku, na huɗu yana ɗaukar hoton shafukan da waya saboda kuɗin fotokwafi. Na tambayi mai kula da wurin ko akwai wani abu da Hausa. Mutumin kirki, ya tashi ya duba mini da kansa, ya dawo hannu biyu. Ya ce abin da aka ba su shi suke jerawa, kuma ba a taɓa kawo musu ba.

Ban ga laifinsa ba. Gyaran tsarin ilimi na 1975 harsuna biyu ya ɗauka a matsayin na ƙasa, Ewe da Kabiye. Ba Hausa kaɗai aka bari a waje ba, har Kotokoli da Moba. Su kuma manyan harsunan duniya kowanne da mai tsaya masa. Jamusawa na da cibiyar Goethe a Lome tun 1961, 'yan Sin sun buɗe cibiyar Confucius a Jami'ar Lome a 2009, Turanci ya ƙara daraja tun da Togo ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022. Ba na ƙin wannan. Wanda ke sayo kaya daga Sin ya san amfanin yaron da ke jin harshensu. Abin da na lura da shi kawai, kowane littafi da ke kan kantar nan wani ne ya biya kuɗinsa ya ɗauko shi.

Abin da ya fi damuna shi ne, rubutun Hausa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Ayarin fataken goro daga Kano zuwa Gwanja ta ƙasar Kotokoli da Mango yake ratsawa, kuma ana ɗaukar malamai a tafiyar. Sunan Sansanne-Mango ma, ku saurare shi da kyau, sansani ne. A cikin malaman wannan hanya akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano wajen 1858, wanda ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi ya zama limami har rasuwarsa a 1934. Garin yana Gana yanzu, amma a wancan zamani yana cikin Togon Jamus. A can wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, ya zauna gabansa yana ɗaukar Hausa. Malam ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa da sana'o'insu da ajami, shi kuma Bature ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a Berlin a 1906. Takardun suka tafi Turai. A shekarar 2000 wani farfesa ɗan ƙasar Poland, Stanislaw Pilaszewicz, ya buga wasu daga cikinsu tare da fassara. Ke nan ɗalibi a Warsaw na iya karanta abin da malamin zango ya rubuta, jikan fataken da aka yi rubutun a kansu kuwa bai taɓa jin sunansa ba.

Kuma ba duka aka kwashe ba. A gidajen malamai na zangon Sokode da Mango akwai tsofaffin takardu cikin gafaka da akwatin ƙarfe: wasiƙu, waƙoƙin wa'azi, lissafin bashi. Na taɓa ganin wanda gara ta cinye rabinsa, magada ba su sani ba sai ranar rabon gado. Ɗalibi mai waya zai iya ɗaukar hoton irin wannan cikin yini ɗaya, in masu gida sun yarda.

To, jama'ar kasuwa, ga inda maganar ta zo kanku. Ba wata ƙasar waje da za ta aiko wa kwalejin Dapango littafin Hausa. Amma a cikinku akwai masu shiga Kano da Maraɗi kowane wata. *Magana Jari Ce* da *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam suna nan a shagunan littattafai na Kano da Zariya, haka ƙamus da littattafan koyon karatu na yara. Katan ɗaya bai kai nauyin dilar atamfa ba, zai shige a gefen kaya. Shawarata, kada a miƙa wa yaro ya kai. Sarkin zango ko shugaban 'yan kasuwa ya je da kansa wajen shugaban makaranta, a rubuta sunan kowane littafi a rajista, a buga masa hatimi, don kada ya ƙare a ɗakin wani.

Na faɗi wannan a shirinmu na daren Juma'a, sai wani mai sayar da kayan babur ya bugo waya ya ce yaransa ba su iya karanta Hausar boko ba, da ƙa'idar Faransanci suke rubuta ta a waya, to wa zai karanta? Tambaya ce mai kyau. Na ce masa yaron da ya iya baƙaƙen lakwal, abin da ya rage masa bai wuce ɓ da ɗ da ƙ da 'yan ƙa'idoji ba, aikin mako guda ne in akwai littafi a gabansa.

Ranar Hausa ta Duniya, wadda matasa suka fara a intanet a 2015, tana zuwa 26 ga Agusta, lokacin makarantu na hutu. Wanda ya sayo littafi a tafiyar damina sai ya ajiye shi inda ruwa ba ya zuba, har a koma aji a watan Satumba.