Goɗiyar Vronsky, Raƙumin Ukhayyad: Asirin da Dabba Ke Tonawa a Ƙagaggen Labari

A kashi na biyu na Anna Karenina, littafin Leo Tolstoy da ya fito cikakke a 1878, akwai wata sukuwa da hafsoshin sojan Rasha suka yi a Krasnoye Selo, kusa da birnin Petersburg, a gaban sarki da fadawansa. Vronsky, matashin hafsa mai dukiya da farin jini, ya shiga da wata goɗiya mai suna Frou-Frou. Tun kafin a fita fage marubucin ya kai mu barga, muka ga yadda mutumin yake ji da dabbar nan: ya shafa wuyanta, ya gyara mata geza, yana lallashinta, ita kuwa jikinta sai tsuma yake yi. Da aka saki dawaki ta yi masa duk abin da mahayi ke nema. Ta tsallake shinge da ruwa, ta wuce Gladiator, dokin da kowa ke shakka. Saura ɗan rami guda wanda bai kai ya ba ta tsoro ba. Tana sama sai ya yi kuskure, ya koma kan sirdi kafin lokaci, ya karya mata gadon baya. Ta zube. Shi bai ma fahimci ɓarnar da ya yi ba, abin da idonsa ya gani kawai shi ne abokin takararsa ya wuce. Sai ya haure ta a ciki da dunduniya, ya fizgi linzami. Ta kasa tashi, ta zuba masa ido. A nan ne ya dafe kai. Ƙarshenta bindiga aka sa aka hutar da ita.

A ranar nan, 'yan sa'o'i kafin sukuwar, Anna, matar wani babban jami'in gwamnati, ta shaida wa Vronsky tana ɗauke da cikinsa. Masu sharhi da dama sun ce goɗiyar ita ce Anna, kuma ƙarshen ɗaya ishara ne ga ƙarshen ɗaya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a ganina wanda aka tona wa asiri a fagen nan shi ne mahayin. Vronsky ba mugu ba ne, kuma son da yake wa goɗiyar na gaske ne. Sai dai irin son nan ne da ke tafe da ganganci, wanda mai shi kan lalata abin da yake so bai ankara ba, kuma idan abu ya ɓaci fushi ke riga nadama zuwa. Da Tolstoy ya rubuta wannan da bakinsa, da mun karanta mun wuce. Haurin nan guda kuwa, duk wanda ya karanta ba ya mantawa, kuma da shi zai riƙa kallon Vronsky har littafin ya ƙare.

Me ya sa dabba ke iya wannan aiki fiye da mutum? Saboda ba ta kai ƙara, ba ta ba da tukuici, ba ta zuwa ta faɗa wa maƙwabta. Mutum yana da dalilin gyara halinsa a gaban ubangidansa, da surukinsa, da budurwarsa, kai har almajirin ƙofar gida, don yaro yana da baki. Amma mai jakin da ke ɗebo yashi daga rafi, idan ya ɗaga akumari ya ga miki a bayan dabbar, ba kowa a wurin sai shi da Allahnsa: ko ya wanke ya sa magani ya bar jakin ya huta, ko ya mayar da akumarin ya ɗora mangala. Abin da ya zaɓa nasa ne tsantsa. Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan ma'auni, tun yana makarantar Islamiyya ya ji hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa, da na mutumin da aka gafarta wa don ya ɗebo ruwa a rijiya da huffinsa ya shayar da kare.

Sai dai kada a haɗa wannan da abin da tatsuniya ke yi. A tatsuniya dabba ce ke sanye da rigar mutum, kuma halinta a yanke yake tun kafin a ce ga ta nan ga ta nanku. Kura ta kwaɗayi da tsoro ce, dila na wayo, Gizo na zamba, kuma ba ranar da Ƙoƙi za ta wayi gari ta ga mijinta ya shiryu. Haka diloli biyun nan na Kalila wa Dimna, da Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na takwas, fadawa ne kawai masu jela. Akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, shi ma a wannan sahu yake: yana shagaltar da Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon maƙiya, har ya ƙare da zama waziri. Abin sha'awa shi ne, a Tutinama, littafin Farisanci na ƙarni na sha huɗu mai irin wannan tsari na aku mai jan labari, an haɗa hanyoyin biyu a wuri guda. Matar ɗan kasuwa tana son fita wurin wani da dare, mijinta na fatauci. Ta fara shawartar wata tsuntsuwa mai magana, ita kuwa ta gaya mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye, nan take matar ta kashe ta. Akun yana kallo. Daga gawar nan ya san da wa yake zaune, shi ya sa ya koma jan ta da labari har gari ya waye, dare bayan dare. Mu ma masu karatu daga nan muka san ta.

Dabarar tana da arha idan ta faɗa hannun rago. A 2005 wani marubucin fim na Amurka, Blake Snyder, ya fitar da littafin koyar da rubutun fim wanda ya yi kasuwa ƙwarai, shawararsa da ta fi shahara kuwa ita ce a sa jarumi ya yi wani ɗan alheri tun farko, kamar ceton kyanwa, don 'yan kallo su so shi. Kishiyar wannan ma an san ta: a sa mugu ya shuri kare, shi ke nan an gama gabatar da shi. Yana aiki, ban musa ba. Amma wannan liƙa wa mutum takarda ne a goshi, mai karatu bai gano komai da kansa ba.

Charles Dickens ya kusa faɗawa cikin wannan rami a Oliver Twist na 1838, amma ya tsallake. Bill Sikes ɗan fashi ne a Landan, yana da wani farin kare mai fuska duk tabo, Bull's-eye, wanda yake zagi da shuri ba dare ba rana. Da abin ya tsaya nan da ba wani labari. Amma karen bai taɓa rabuwa da shi ba, kamar yadda Nancy, matar da yake duka, ta ƙi barinsa. Bayan ya kashe Nancy ya gudu, sai ya tuna karen zai sa a gane shi, ya nemi dutse zai ɗaura masa ya jefa shi a kududdufi. Karen ya gane, ya ƙi zuwa kiran, ya tsere. Duk da haka a ƙarshe, da Sikes ya zame daga kan rufin gida igiya ta shaƙe shi, karen ya yi tsalle zai sauka a kafaɗar gawar, ya kuskure, ya faɗo ya fasa kai. Ta bakin karen nan Dickens ya nuna abin da ya fi mugunta ban tsoro a tattare da Sikes, wato iya mallake wanda yake cuta.

Wasu kuma dabbar kunne ce kawai. A wani gajeren labarin Anton Chekhov na 1886, tsohon mai keken doki, Iona, ɗansa ya rasu, ya yi ta neman fasinja ɗaya da zai saurare shi bai samu ba, da dare ya je barga ya zayyana wa goɗiyarsa komai. A nan mutanen birni ne aka auna, ba Iona kaɗai ba.

Wanda ya fi kai dabarar nan nesa cikin waɗanda na karanta shi ne Ibrahim al-Koni, Ba'abzine ɗan Libiya da aka haifa a 1948, mai rubutu da Larabci. Littafinsa At-Tibr na 1990 labarin wani saurayi ne, Ukhayyad, ɗan shugaban ƙabila, da raƙuminsa roɗi-roɗi na asali wanda yake alfahari da shi a ko'ina. Raƙumin ya kamu da ƙazuwa. Wani da ya bar shi ya mutu ya nemi wani, amma Ukhayyad ya kai shi ya ci wani tsiron jeji da aka ce yana warkarwa amma yana haukatarwa. Raƙumin ya haukace, ya ja shi a ƙasa cikin sahara, shi kuma ya ƙi saki, har suka kusa halaka da ƙishirwa. Suka rayu, kowa ya ceci ɗan'uwansa. Zuwa nan mai karatu ya gama ba Ukhayyad zuciyarsa, yana cewa ga ɗan halak mai riƙon amana.

Sai al-Koni ya juya wuƙar. Ukhayyad ya yi aure, ya haihu, yunwa ta shigo a zamanin da Italiya ta mamaye ƙasar. Dole ta sa ya jinginar da raƙumin ga wani attajiri, Dudu, ɗan'uwan matarsa, wanda ashe ya daɗe yana son ta. Raƙumin ya yi ta gudowa yana komowa wurin mai shi. Dudu ya gindaya sharaɗi: saki matar, ka karɓi raƙuminka. Ukhayyad ya sake ta, ya bar ɗansa, ya shiga jeji da dabbarsa, yana gaya wa kansa ya kuɓuta daga ƙangin duniya. Dudu ya haɗa masa da ɗan garin zinariya, labari kuwa ya bazu cewa ya sayar da iyalinsa da zinariya. Wannan magana ce ta dawo da shi ya kashe Dudu. Da masu neman fansa suka kasa fito da shi daga maɓoyarsa a cikin duwatsu, sai suka kama raƙumin suka shiga gana masa azaba, kukansa ya fito da Ukhayyad zuwa ajalinsa.

To mene ne halin Ukhayyad? Amanar da ta sa ya ƙi sakin raƙumi a sahara ita ce ta sa ya saki uwar ɗansa. Hali ɗaya ne, ba biyu ba. Kuma a lura, ba kewar matar ce ta dawo da shi ba, abin da mutane ke faɗa a kansa ne. Marubucin ya bar mu da mutumin da ya iya son dabba har mutuwa amma ya kasa ɗaukar nauyin mace da yaro, bai ce mu yabe shi ba, bai ce mu tsine masa ba. Ni dai na rufe littafin ina jin haushinsa, ina kuma tausayinsa.

J. M. Coetzee na Afirka ta Kudu ya bi ta ɗaya gefen a Disgrace, wanda ya ci kyautar Booker a 1999. David Lurie malamin jami'a ne a Cape Town, mai girman kai, da ya rasa aikinsa saboda lalata da ɗalibarsa, ya ƙi ko nuna nadama. Ya koma gonar 'yarsa Lucy, ya shiga taimaka wa wata mata, Bev Shaw, a asibitin dabbobi inda ake yi wa karnukan da ba mai so allurar mutuwa. Shi ke kai gawarwakin wurin ƙonawa. Da ya ga ma'aikatan wurin suna dukan buhunan da shebur don su karya ƙafafun da suka sandare, sai ya ɗauki aikin zuba su a wuta da hannunsa. Mataccen kare ba ya godiya, ba kuma wanda ke kallo. Wannan bai wanke Lurie daga laifinsa ba, Coetzee bai ma yi ƙoƙarin wanke shi ba. Ya dai nuna cewa a cikin mutumin da ya wulaƙanta yarinya akwai wanda ba ya jure ganin an wulaƙanta gawar kare, ya bar mai karatu da wannan nauyi.

Idan na waiwayi littattafan soyayya na Hausa da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1980, a mafi yawan waɗanda suka ratsa hannuna da mota ake gabatar da jarumi, da shadda, da turare, sannan marubuciya ko marubuci ya jero mana halayensa: mai haƙuri ne, mai tausayi, miskili. Dabba ta ɓace daga shafi, alhali tana nan cike da gidajenmu. Ba sai an aro karen Bature mai kwana a gado ba, mai karatunmu ba zai ji shi a jiki ba. Ga ragon layya da yaro ya yi wata shida yana ba dusa da kanwa, ga uban da ko dai ya kira yaron ya riƙe ƙafa ranar Salla ko ya aike shi sayen gawayi don kada ya gani. Ga akuyar amarya da ta ci shanyar uwargida. Ga matashi mai kiwon tantabaru a kan soro da ya iske kyanwar maƙwabci ta shiga akurki. Ga attajirin da ke aron doki sau biyu a shekara don hawan Salla, yana zuba masa ƙaimi har jini don a ga yana rawa.

Sharaɗin kawai shi ne marubuci ya san dabbar da zai rubuta. Tolstoy mahayi ne, ya yi aikin soja, shi ya sa ya san a wane ɗan lokaci ne nauyin mahayi ke zama haɗari ga doki mai tsalle. Al-Koni a sahara ya tashi, ƙazuwar raƙumi ba a littafi ya gan ta ba. Wanda zai sa raƙumi a labarinsa bai taɓa ganin yadda yake durƙusawa ba, gara ya ware wata Alhamis ya je kasuwar Maigatari ya yini a wurin masu raƙuma kafin ya ɗauki alƙalami.