Ko Kun Sani? Ruwan Bakalori da Maganar Masauki

Ko kun san cewa a manyan wuraren shaƙatawa na duniya, kuɗin ɗakin otal ya fi danganta da sauƙin isa wurin wasa fiye da kyan gado? A Walt Disney World da ke Amurka, wanda aka buɗe a 1971, bas da kwale-kwale da jirgin da ke bin dogo ɗaya duk kyauta ne ga baƙi, amma otal-otal ɗin da jirgin ke tsayawa a ƙofarsu suna cikin mafiya tsada. Farashin kuma yakan hau lokacin hutun makaranta.

A nan gida kuwa, Gwamna Audu Bako na Kano ya fahimci darajar bakin ruwa tun shekarun 1970: a zamaninsa aka gina otal a bakin ruwan Bagauda da kuma na Tiga. Na Bagauda yau makarantar horar da lauyoyi ce.

Mu ma Allah ya hore mana irin wannan bakin ruwa. Madatsar Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, tsawonta ya haura kilomita 5, ruwanta ne kuma ke raya shinkafar rani a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Wanda ya ga masunta na jefa koma da sanyin safiya, shinkafa kore shar a gefen magudanai, ya san wurin ya isa a zo kallo.

Sai dai baƙo ba ya kwana inda hankalinsa bai kwanta ba. Mahukunta, a fara da tsaro da hanya, masu otal za su biyo baya.