Idan Aka Ce An Zalunci Mai Rauni, Yaya Ake Bincike?

Ya kai mai karatu, ka sani a Ingila akwai gidajen da ake kula da manya masu lalurar ƙwaƙwalwa. To, in aka ce ma'aikaci ya cuci ɗayansu, yaya ake gano gaskiya?

Dubi abin da ya faru a Winterbourne View, kusa da Biristol. Wani nas ya kai kuka ga hukuma, ba a saurare shi ba. Sai a 2011 ɗan jaridar BBC ya shiga da sunan ma'aikaci, ya ɗauki hoton mari da sheƙa musu ruwan sanyi a ɓoye. Aka rufe gidan, aka samu mutum 11 da laifi, 6 suka tafi kurkuku a 2012.

Dokar 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma yin bincike muddin akwai dalilin zargi. Yawanci akan fara raba mai raunin da wanda ake zargi. Likita ya duba jikinsa, a ji ta bakinsa a keɓe, a karanta rajistar gidan, in laifi ne a kira 'yan sanda.

Saboda haka in mai rauni ya koka, kada ka ce ai ba shi da hankali. Saurare shi, sannan a bincika. Allah Ya kyauta.