Yadda Romeo da Juliet Suka Yi Ƙaura Zuwa Shanghai

A 'yan shekarun nan wani salo ya samu karɓuwa a kasuwar littattafan matasa ta Turanci. Marubuci zai ɗauko tsohon labarin soyayya mai ƙarewa da mutuwa, ya dasa shi a wani zamani na tarihi, sannan ya zuba masa abin al'ajabi irin na tatsuniya, kamar dodo ko tsafi. Cikin waɗanda suka yi fice akwai These Violent Delights na Chloe Gong, wadda aka haifa a Shanghai ta tashi a Auckland ta ƙasar New Zealand. Littafin, wanda ya sake labarin Romeo da Juliet na Shakespeare, ya fito a 2020 tana ɗaliba a Jami'ar Pennsylvania, na biyunsa kuma, Our Violent Ends, ya biyo baya a 2021.

Wani zai ce ai wannan kwaikwayo ne. To, da tsohuwar zuma ake magani. Shakespeare da kansa ba shi ya ƙago labarin Romeo da Juliet ba. Ya tsince shi ne a wata doguwar waƙa ta Arthur Brooke ta 1562, ita ma asalinta labaran marubutan Italiya ne. Mu ma nan, Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa ya yi musu rigar Hausa a Magana Jari Ce. Abin dubawa shi ne me mai aron ya ƙara.

A wasan Shakespeare, gidan Montague da na Capulet suna gaba a birnin Verona, amma har aka gama ba a faɗi mafarin gabar ba. An bar ta a matsayin gado, aka ɗora mutuwar masoyan a kan ƙaddara da saƙon da bai isa kan lokaci ba. Chloe Gong ta cike wannan giɓi da tarihi. Ta kai labarin Shanghai ta 1926, birnin da yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta buɗe wa Turawa bayan Birtaniya ta ci Sin da yaƙi. A lokacin birnin a yanke yake: yankin Faransawa, yankin haɗin gwiwa da Turawan Ingila da Amurkawa ke juyawa, sai ɓangaren 'yan ƙasa. Kowane yanki da 'yan sandansa da dokarsa, har mai laifi kan tsallaka titi ya fita daga hannun masu binsa. Irin wannan wuri ne 'yan daba ke ƙiba. Ga kuma dubban Rashawa da suka yi gudun hijira zuwa can bayan juyin juya halin 1917.

Daga nan ta gina gidajenta biyu. Juliette Cai magajiyar gungun Scarlet Gang ce na 'yan Sin, Roma Montagov kuma magajin White Flowers na Rashawa. Gabarsu tana da dalili: unguwanni, gidajen rawa, tashar jiragen ruwa da kuɗin da ke shigowa ta cikinsu. Juliet ta Shakespeare yarinya ce 'yar shekara 13 da iyaye ke shirya wa aure. Juliette kuwa shekararta 18, ta dawo daga Amurka cikin riga irin ta 'yan matan New York, da bindiga a ɓoye a jikinta, tana magana da harsuna da dama, kuma kullum tana fama da masu ganin ta zama baƙuwa a garinsu. Ita da Roma ba a wurin biki suka fara haɗuwa ba kamar masoyan Shakespeare. Sun taɓa soyayya tun da, Roma ya ci amanarta, don haka da ƙiyayya labarin ya buɗe.

Sai dodon. Wata halitta ce ke fitowa daga kogin Huangpu tana sakin ƙananan ƙwari masu shiga kan mutum, su haukata shi har ya yage maƙogwaronsa da hannunsa. Annobar ba ta tambayar gidan da mutum ya fito, shi ya sa dole magabtan biyu su haɗa kai. Da suka bi sawu, sai ga wani ɗan kasuwa Bature yana cin riba da maganin rigakafinta. Nan ne amfanin dodon yake: ya ba matashi abin da zai gani da ido, a madadin dogon bayani kan yadda baƙi ke tatsar birni yayin da masu gari ke yanka juna.

Sai dai mai karatu ya yi hattara da abu biyu. Na farko, ya rarrabe tarihi da ƙirƙira. Ba a taɓa yin Scarlet Gang ko White Flowers ba. Gungun da ya riƙe Shanghai da gaske shi ne Green Gang, wanda Du Yuesheng ke cikin jagororinsa. Wannan gungun ne ya mara wa dakarun Chiang Kai-shek baya a ranar 12 ga Afrilu, 1927, aka karkashe 'yan kwaminis da ma'aikata 'yan ƙungiyar ƙwadago. Wannan rikici ne littafi na biyu ya jingina da shi. Na biyu, kalmar "matasa" a bangon irin waɗannan littattafai ba ta nufin yara ƙanana. Akwai jini da kisa a fili, saboda haka ya kamata uwa ko malami su leƙa kafin su miƙa wa ɗan shekara 12.

Ga marubutanmu na soyayya kuwa, darasin a bayyane yake. Mai karatu ya riga ya san masoyan ba za su sha ba, don haka ba ƙarshen ne ke riƙe shi ba, dalilin ne. Wanda zai sake labarin Laila da Majnun, misali, ya fara da binciken zamanin da zai ajiye su: wa ke mulki, me ake saye da sayarwa, wa ke cin ribar rabuwarsu. In ya amsa waɗannan, tsohon labari zai faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.