Mene ne gwajin CRP da ake yi wa jarirai?

CRP furotin ne, wato sinadari, da hanta ke zubawa cikin jini idan jiki ya shiga yaƙi da cuta. Jaririn da ke lafiya kaɗan ne a jininsa. Da ƙwayoyin cuta sun shiga, yakan soma hauhawa bayan awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa cikin kwana 2. Likitoci da yawa kan fara zargi idan ya haura miligiram 10 a lita.

Jinkirin nan shi ne tarkon. Gwajin farko na iya fitowa lafiya lau alhali cutar na ci, shi ya sa ake maimaitawa washegari, kuma ba a jiransa kafin a fara allurar maganin ƙwayoyin cuta. Wahalar haihuwa ma kan ɗaga shi ba tare da cuta ba; shuka jini a ɗakin gwaji ke tona ainihin ƙwayar.



Bakwaini ne suka fi shiga haɗarin kamuwa da cuta, sai wanda faya ta fashe masa tun kafin naƙuda. Jaririn da ya ƙi nono, ya yi zazzaɓi ko jikinsa ya yi sanyi, asibiti yake buƙata ranar.