Kwamfuta ta faɗi ta daina sauti, sai a ce a yi mata fomatin?

Akwai wata al'ada da ta yi katutu a tsakanin masu laftof, kuma ta fara isata. Kwamfuta ta suɓuce daga kan tebur, ko jakarta ta faɗo daga bayan babur, a kunna a ji shiru. Maganar farko da za ta fito daga bakin aboki ko yaron shago ita ce: "Windows ne ya samu matsala, a yi mata fomatin." Sai a goge komai, har da furojet ɗin ɗalibi da lissafin ɗan kasuwa, a sake loda sabon Windows. A kunna, shirun yana nan.

Jama'a, mu riƙa tunani mana. Jiya da dare na'urar tana magana, yau ta bugu da siminti ta yi gum. Me ya haɗa simintin da manhaja? Wannan daidai yake da mutum ya karye a ƙafa a ɗirka masa maganin zazzaɓin cizon sauro. Abin da faɗuwa ke taɓawa ƙarfe ne da roba da waya. A cikin laftof, sauti yana fitowa ne daga wani ɗan guntun sinadari da ke kan uwar allo, galibi na kamfanin Realtek, ya bi ta siririyar waya zuwa sifiku. Wannan wayar maƙala ta kawai aka yi a wani ɗan soket, ba a liƙe ta da dalma ba, don haka girgiza mai ƙarfi tana iya zare ta. Ko a loda Windows sau goma, wayar da ta zare ba za ta koma da kanta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, fomatin bayan faɗuwa yana iya jawo asarar da ta fi ta sautin. Da yawa daga cikin laftof na hannu da ke yawo a kasuwanninmu, musamman tsofaffin, suna da rumbun ajiya mai faifai a ciki, wanda ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Irinsa ba ya son bugu ko kaɗan. Idan ya ji rauni, aikin farko shi ne a kwashe fayiloli zuwa filash tun yana numfashi. Loda masa sabon Windows wahalar da shi ne a daidai lokacin da ya fi rauni. Wasu masu gyaran sun san haka sarai, amma fomatin ya fi buɗe na'ura sauƙi, kuma kuɗinsa a hannu yake. Su ji tsoron Allah.

To me ya kamata ka yi? Ka fara da iyafis. Idan ka sa ka ji sauti garau, guntun sinadarin nan lafiya lau yake, matsalar tana ga sifika, ko wayarta, ko ramin iyafis ɗin, kuma wannan gyara ne mai sauƙi. Idan sifika ɗaya ce ta daina magana, ko tana ƙerƙere duk sanda ka ƙara murya, fatarta ce ta yage ko kuma ta goce daga mazauninta. Sai a ɗaure ta ko a canja.

Ka kuma leƙa ramin iyafis ɗin da tocila. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe da ke sanar da kwamfuta an sa iyafis, don ta kashe sifiku. Idan na'urar ta faɗi da iyafis a jiki, ƙarfen yakan lanƙwashe, ko kan iyafis ɗin ya karye ya maƙale. Daga nan kwamfuta ta ɗauka kullum akwai iyafis, sifiku su yi shiru alhali babu abin da ya same su. Danna alamar sauti a ƙasan allo ka ga abin da ta rubuta. Don Allah kada ka tsokale ramin da allura ko tsinken ashana.

Idan iyafis ma shiru, kuma alamar sautin ta fito da jan gicciye, buɗe Device Manager. In na'urar sautin tana nan da alamar ruwan ɗorawa, cire direbanta ka sake kunna kwamfutar, Windows zai mayar da shi. Iyakar abin da manhaja za ta iya yi ke nan, kuma bai buƙatar goge ko da fayil ɗaya. In kuwa ta ɓace gaba ɗaya daga jerin, zargi ya koma kan uwar allo.

Akwai gwajin da ke raba gardama. Masu Dell su danna F12 tana tashi su zaɓi Diagnostics, masu HP su danna Esc sannan F2. Wannan gwajin kafin Windows ya tashi ake yin sa. Wanda ya iya kuma ya tada na'urar da Ubuntu maimakon Windows daga filash ba tare da ya loda shi ba. Idan can ma babu sauti, Windows ya fita daga zargi.

Ko da uwar allon ce ta taɓu, kada a ruɗe ka da cewa sai an canja ta. Sautin Bluetooth da na HDMI da na USB ba sa bi ta wannan guntun da ya lalace. Ɗan ƙaramin katin sauti na USB, mai ramin iyafis a jikinsa, zai dawo maka da sauti a kan kuɗin da bai kama ƙafar na sabon allo ba.

Idan kuma ba faɗuwa ba ce, shayi ne ko ruwa ya zube mata, kashe ta nan take, zare caja, ka kai a buɗe a goge kafin tsatsa ta kama. Binne ta a buhun shinkafa ba ya fitar da sukarin da ya shiga ciki.

In za ka kai wa mai gyara, kwashe fayilolinka tukuna. Faɗa masa gaskiya cewa faɗuwa ta yi, da gefen da ya bugu, da abin da ka ji sanda ka sa iyafis. Ka ce ya cire batir kafin ya taɓa komai, ya duba wayar sifika a gabanka, kuma duk abin da ya canja ya miƙo maka tsohon.