Ƙarancin Maki da Neman Gurbin Karatun Likita a Jami'ar Jos

Sau da yawa ƙannenmu kan tambaye mu, shin wanda makinsa bai taka kara ya karya ba zai iya samun gurbin karatun likita? Amsar ita ce da wuya, amma ƙofa ba ta rufe ba.

Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 1975, tana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Jarrabawar JAMB kuwa maki 400 ce. Maki 200 kan shigar da ɗalibi wasu sassa, amma ba safai yake kai shi likitanci ba. Dalili shi ne hukumar kula da likitoci, wato MDCN, ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, ga masu nema kuma sun fi guraben yawa.

Mafita biyu ce. Ko dai ɗalibi ya sake zama jarrabawar, ko ya yi IJMB ko digiri a fannin kimiyya, sannan ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. A nan ma sai sakamako ya yi kyau sosai.

Daga ƙarshe, a guji masu cewa suna sayar da gurbi. Tun 2017 ta tsarin CAPS na JAMB ake tabbatar da ɗaukar ɗalibai.